Riyostat Mai Baki Uku

Na fara koyar da fiziks a wata sakandare ta wajen Getso a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da alli ma sai an karya shi biyu kafin a raba wa malamai. Ɗakin gwaje-gwajenmu yana nan da sunansa a jikin ƙofa, amma buhunan masarar shugaban makaranta ne a ciki. Ni kuma Allah ya ba ni hannun zane. Batir, makunni, amita mai auna wuta, duk ina zana su a allo tsaf, ko rula ba na nema. Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa a takarda. Har suna na yi a yankin. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, a inda aka horar da mu ma malaminmu ne kawai ke taɓa kayan, mu muna leƙe ta kan kafaɗun juna.

'Yan shekaru bayan an dawo da Shari'a, sai saƙo ya zo cewa an daina wannan. Za a turo mana kaya gab da jarrabawa, kuma 'yan ajin ƙarshe da hannunsu za su haɗa wayoyi. Wanda zai koya musu kuwa ni ne. Shi ya sa da aka ce za a yi wa malaman fiziks bita ta mako guda a Gwarzo cikin dogon hutu, na bar gonata tana neman maimai na hau babur. Niyyata ɗaya ce: in zauna can baya, in koyi haɗa waya ba tare da kowa ya lura ba.

An jera tebura, maza a tsakiya, mata 'yan ƙalilan a gefen taga. Yawancinsu na haife su. Mai koyar da mu ta shigo da dogon hijabi, an ce daga jami'a aka turo ta. Tana cikin gaishe da jama'a idonta ya faɗo kaina. Sai ta ajiye takardunta, ta tako har can baya inda nake, ta durƙusa.

"Malam, ina kwana? An zo lafiya? Ya iyali, ya damina?"

Sai da na ƙura mata ido na gane ta. 'Yar wani malamin Islamiyya ce na Garo, ta zauna a ajina tana 'yar siririya mai yawan tambaya. Na amsa, na ce ta tashi, don Allah ta tashi. Ta tashi ta juya wajen jama'a ta ce, "Wannan shi ne malamina. Duk abin da za ku ji a bakina, a wajensa na fara ji."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kaina ya kumbura kamar an zuba wa ƙullu yis. Kafin in ankara an kawo mini kujera mai hannu an sa a gaba, wani saurayi daga Kabo ya karɓe mini jaka yana ce mini Baba.

Da aka buɗe akwatunan kaya aka raba, sai daɗin ya fara tsami. Aikin farko shi ne a haɗa batir da amita da riyostat, wato abin da ake jan kansa gaba da baya don wuta ta ƙaru ko ta ragu. Na zana riyostat ya fi a ƙirga. A allo baki biyu gare shi, waya ta shiga nan ta fita can. Wanda aka ajiye a gabana baki uku gare shi, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Na dube shi, ya dube ni. Na ɗaura wayoyina a na ƙasan nan biyu, na danna makunni, allurar amita ta tashi. Na ja kan riyostat zuwa dama, allura ba ta motsa ba. Na ja hagu, tana nan inda take, kamar jakin da ya ƙi ruwa.

Ita kuwa tana zagayawa tebur tebur. Ta ce wa wannan ya juya batir, ta ce wa wancan ya matse waya, wani ma har ta yi masa dariya. Na ce to, bari ta iso. Da ta zo daidai teburina sai ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," ta wuce. Ko kallon wayoyin ba ta yi ba. Ina ɗaliba za ta duba aikin malaminta a gaban mutane?

Na juya wajen saurayin nan na Kabo da muke tebur ɗaya. Na ce, "Kai, dubi wannan allurar." Ya leƙa ya yi murmushi. "Ai Baba gwada ni kake. Mu da muka zo ɗaukar karatu a wajenku." Haushi ya kama ni, na ji kamar in maka masa riyostat ɗin. Amma me zan ce? Na kwance wayoyin na tura masa.

Daga ranar ban ƙara taɓa komai ba. Na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai in goya hannuwana a baya in riƙa zagaya ɗakin, ina tsayawa a bayan mutane ko zan saci abin da yatsunsu ke yi. Amma duk teburin da na tsaya, sai a saki waya a miƙe a gaishe ni. Matan kuwa ba dama in je in tsaya a kansu, ga shi su suka fi iya aikin. Ni da na shekara da shekaru ina yi wa yara faɗa da cewa matambayi ba ya ɓata, kowace safiya sai in shirya tambayata a kan babur, in iso bakin ƙofa, a karɓe mini jaka, tambayar ta maƙale. A masallaci lokacin azahar har gaba suke tura ni in ja salla. Ina sallamewa sai fuskokin 'yan ajin ƙarshe su faɗo mini, yaran da iyayensu ke sayar da wake don su kai su wannan aji.

Ranar rufewa ni aka sa na yi addu'a. Aka raba takardun shaida, aka mayar da kaya cikin akwatuna, aka buga ƙusa, aka loda a mota. Hadari ya haɗo ta gabas, direba yana ta danna oda. Sai ga ta ta zo sallama, ta sake durƙusawa a kan baranda.

"Malam, ina fata ban ba ka kunya ba. Wallahi duk makon nan gabana faɗuwa yake. Da na ga kana zagayawa ba ka cewa komai, na san duba ni kake."

Nan ne na kasa daurewa. Na ce, "Malama, tashi ki ji. Ni ba duba ki na zo yi ba. Ban taɓa haɗa wayar nan da hannuna ba, ko sau ɗaya. Riyostat ɗin nan ban san inda ake ɗaura bakinsa na uku ba. Kuma bana yarana za su shiga jarrabawa."

Ta waiwaya ta dubi motar, an riga an ja tamfol an ɗaure. Sannan ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Ba fushi na gani ba. Tausayi ne, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama," ta ce a hankali. "Amma sauran ba za su faɗu a baki ba, sai da kaya a hannu. Malam, da ka faɗa mini ranar Litinin."

Direba ya sake danna oda. Ta ce a gaida gida, ta tafi ta shiga motar. Na tsaya a barandar da takardar shaida a hannu har ruwa ya sauko, saurayin Kabo yana gefena riƙe da jakata, yana jira in ba shi izinin tafiya.