Jini Ba Ya Mantuwa

Dokotoro ta ɗago kai daga rezilta, takardar awon jini, ta dubi Baba. "Alhaji, yaya kai da sukari?"

"Ai sati guda ke nan ko a shayi ban sa ba, ɗiyata," in ji shi, har da murmushi.

Aikinsa ke nan. In randebu na ganin likita ya gabato sai ya ƙaurace wa sukari, a soki yatsa, na'ura ta ce lafiya lau, ya koma shagon ɗinkinsa a unguwar Boukoki ya ci gaba da kwankwaɗar shayi mai zaƙi kamar zuma. Na karanta kan diyabet, ciwon sukari, har idona ya yi ja, na yi magana har na gaji. Amsar ɗaya ce: "Kai ka haife ni?"

Dokotoro ta ce, "Wannan awon ba irin na yatsa ba ne. Sukari yana manne wa ƙwayoyin jini, su kuwa sukan yi wajen wata uku a jiki. Duk shayin watannin nan ga shi a takarda. Shi ke cin idonka."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ciko bakina da masifa, ina jiran mu isa shago.

Da muka isa, Baba ya zauna gaban keken ɗinki, ya yi ta laluben kafar allura da zare. Can ya miƙo mini zaren.

"Isufu, zura mini."

Na haɗiye masifar. Na zura.

Ku masu tsoho mai taurin kai a gida, don Allah yaya kuke yi? Ni dabara ta ƙare mini.