Ƙusa Sittin da Huɗu a Gefen Hagu

Shekara talatin da tara Darlene Kubicek ta yi tana gyaran tirelolin mutane, amma in ka tambayi kowa a garinmu wa ke gyara su, Orville zai ce maka. Ban ga laifinsu sosai ba. Mijin nata ne ke tsaye a waje da bindigar ƙusa, shi ake gani, shi ake gaisarwa. Ita tana ciki a durƙushe, ta tokare bayan kowace ƙusa da dunƙulen ƙarfe har ta baje ta kama fallen alminiyam. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ba ya iyawa.

Tsofaffin tirelolin kwana suke gyarawa, masu ƙyallin nan da iyayenmu suka riƙa ja a bayan mota zuwa bakin tafki. A nan kudancin jihar Kansas ƙanƙara da guguwa ba sa barin mai wannan sana'a ya zauna haka nan. Kuma aiki ne marar rufin asiri, don jikin tirelar a fili yake, ba fenti, ba ciko. In hannunka ya goce, tabon na nan har jikokin mai ita su gani.

Orville ya rasu a watan Afrilu, ya bar tirela ɗaya a gareji, ta Mista Delbert Hensley, wadda reshen bishiya ya faɗo wa. Orville ya gama gefen hagu, gefen dama kuwa a buɗe yake, haƙarƙarinta a waje. Ko kwanukan abincin ta'aziyya ba a gama mayar wa masu su ba, Mista Hensley ya bugo waya.

"Madam Kubicek, Allah ya ba da haƙuri. Ran Asabar zan zo in ja ta zuwa birnin Wichita, akwai masu gyara a can."

"Mista Hensley, tirela ba ta taɓa fita daga garejin nan da ciki a buɗe ba. Ka zo ran Asabar ɗin, za ka same ta a rufe."

Daga ajiye wayar sai gidana, wai in zo in riƙe mata ƙarfen daga ciki. Ni Twila, shekara talatin ina dafa wa yaran makaranta abinci, na yi ritaya don in huta, ba don in shiga cikin gwangwani ba. Na gaya mata haka.

Ta ce, "Hannun da ya juya tukunyar yara ɗari uku ba zai kasa riƙe ƙarfe ba. Tashi, ƙawata, zaman ya isa, kujerar ma ta gaji da ke."

"Ke kin taɓa riƙe bindigar ma kuwa?"

"Ban taɓa ba. Yau zan fara."

Kwana biyu muna koyo a kan ɓaraguzan falle. Ranar farko ta ɓata ƙusa ta fi hamsin, bindigar na tsalle a hannunta kamar kazar da aka kama. Na yi mita har na gaji, ita ko a jikinta. Abin da ban sani ba shi ne, matar nan ta san ƙusa da kunne. Da ta ji sautin ya sauya sai ta saki, ko leƙawa ba ta yi. Zuwa yammacin Laraba mun rufe gefen dama, layi a miƙe kamar an ja zare. Na ce alhamdu lillahi, gobe sai barci.

Ran Alhamis da safe na kawo mata burodin masara, sai na tarar da ita tsaye a gefen hagu da injin huda a hannu.

"Darlene, wancan gefen ai an gama. Aikin Orville ne."

"Na sani. Ni na tokara masa."

Ta ja ni ciki ta nuna mini bayan layin sama, wanda ke bin gefen taga. Ko ni ɗanyar hannu na ga bambanci. Wasu ƙusoshin sun karkace, wasu ba su baje ba. Daga waje kuwa lafiya lau.

Ta ce, "Tun bara hannunsa ke rawa. Ina jin kowace ɗaya a tafina, na san ba ta zauna ba. Na yi shiru, don da na faɗa da ya ajiye bindigar, kuma da ya ajiye ta da ba zai kai Afrilu ba."

"To ki bar su mana. Wa zai sani?"

"Ruwan sama zai sani. Damina biyu, katakon ƙasa ya ruɓe, a kai ta Wichita, wani yaro ya buɗe ya ce dubi aikin Kubicek."

Raina ya ɓaci, na kuma faɗa mata. Fallen nan babu wani irinsa a garejin, in bakin injin ya goce sau ɗaya ya faɗaɗa rami, shi ke nan, ba abin da za mu ba mutumin ran Asabar. Ga shi kuma aikin ƙarshe da mijinta ya yi da hannunsa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗora bakin injin a kan ƙusar farko.

Sittin da huɗu ne. Ɗaya bayan ɗaya ta huda kansu, suna faɗuwa ƙasa. Wajen ta talatin ta tsaya ta share ido da gefen riga, ta ce ƙura ce. Na ce e, garejin nan da ƙura. Tausayinta ya kama ni har na daina mita, abin da ba kasafai nake yi ba. Ran Juma'a muka buga sababbi, ta sa ni na zauna ciki, ta sakar wa tagar ruwa da tiyo na rabin awa. Ko ɗigo bai shigo ba.

Mista Hensley ya zo da hularsa a hannu. Ya duba gefen dama ya ce ba laifi, an yi ƙoƙari. Sai ya zagaya hagu, ya bi layin tagar da yatsa tun daga farko har ƙarshe.

Ya ce, "Kin ga hannun gwani. Wannan ko ba a faɗa ba ka san Orville ne."

Na buɗe baki, Darlene ta taka mini ƙafa, da takalmin aiki kuma.

Ta ce, "Haka ne, bai taɓa sakin aikin banza ba."

"An yi rashi. Surukina ma ƙanƙara ta yi wa tasa kaca-kaca, yanzu dole sai Wichita."

"Ka ce ya kawo ta nan. In ya ga layin da ya kasa wannan, ni da kaina zan ja masa ita har Wichita."

Ya dube ta, ya sake duban layin, ya ce zai faɗa masa.

Da ya tafi na ɗauko tsintsiya zan share kawunan tsofaffin ƙusoshin da ke warwatse a ƙasa. Ta karɓe tsintsiyar ta jingine. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta tsince su da hannu, tana zubawa a aljihun rigar aikinta.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Litinin ƙarfe bakwai, Twila. Kar ki makara."