Allurar Zafi Ta Daina Rawa, Ilu Ya Tafi

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Maris, 1974, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Ilu Ɗantsoho, bakaniken da ke gyara a gindin darbejiyar tashar Gumel. Ni Lado, mai a-kori-kurar da ke jigilar Maigatari, nake rubuta wannan. Na gaji, Ilu. Farin nan ya cinye mana shanu da gero, mun yi ta rakiyar mutane maƙabarta har ƙafa ta saba da hanya, amma ban taɓa kawo wa raina kai zan raka ba.

Ba zan ce kana da sanyin hali ba, don mutanen tasha za su ƙaryata ni. Kana da faɗa, kuma rabin faɗan a kaina ya ƙare. Bara, da allurar zafin motata ta fara hawa da sauka, fasinjoji suka dame ni da tambaya, sai na samo filasta na manne gilashin, na huta. Da ka leƙa ka gani, ka ɓare ta da farce, ka manna min a goshi a gaban 'yan kamasho. Ka ce, "Lado, allura ba ta rawa a banza. Ko ita ce ba lafiya, ko injin, kuma ba a sani sai an duba."

Ranar kasuwar Maigatari ce, ina ta gaggawa, kai kuwa ka zauna kana cin goro sai da inji ya huce. Ka danna fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka, da yatsa, ka ce lafiyarsa lau. Ka kankare wayar da ke kai wa allura labari, muka tayar, rawa ba ta fasa ba. Sannan ka buɗe lagireto, ka shinshina, ka harare ni, don ka ji warin garin kukar da na zuba wai in toshe yoyo. Ashe yoyon ma ba a nan yake ba. Robar marfin ce ta cinye, ruwa yana ficewa, iska tana shiga. In iskar ta ratsa, allura ta yi sama, in ruwa ya biyo ta faɗo. Ka yanko roba daga tsohon tif na taya ka sa wa marfin, ka sa na ɗora hancin motar a kan tudu, muka bar inji yana aiki marfi a buɗe, kumfa tana fitowa har ta ƙare.

Abin da ba zan manta ba shi ne ruwan. A lokacin rijiyoyi sun ja baya, mata na wuni a layi kan tulu guda. Ka shiga gida ka ɗauko tulun da matarka Asama'u ta ɗebo, ka wanke lagireto, ka cika shi. Ina jin ta daga zaure tana cewa, "Malam, ƙarfe za ka shayar, mu fa?" Ka ce mata motar nan ce ke kai tsabar agaji ƙauyuka, in ta tsaya tukwane da yawa za su tsaya. Ranar da ƙishi kuka yi azahar.

Yanzu ga abin da ke cin raina. Tun kaka zazzaɓi yake kama ka yana saki. Yau ka kwanta, gobe mu gan ka a ƙarƙashin mota. Duk wanda ya tambaya sai ka ce gajiya ce, ka ƙara naɗa rawani don kada a ga yadda wuyanka ya rame. Da abin ya ci ƙarfinka ka koma gidanku na Ɗanzomo ba sallama. Kai da ka ɓare min filasta, ashe ka manna wa kanka wadda ta fi tawa girma. Ina jin haushinka a kan wannan, Ilu, kuma ban san inda zan kai haushin ba.

Asama'u ce ta aiko min. Na ɗauko ka da rana tsaka, ka jingina a kafaɗarta, jikinka kamar garwashi. Muna cikin yashi allurar ta sake tashi. Hankalina ya rabu biyu: in tsaya inji ya huce kai kana ƙonewa, ko in ci gaba inji ya buga mu kwana a daji. Na ɗauka ba ka cikin hayyacinka, sai na ji muryarka can ƙasa.

"Kada ka tsaya. Sai mun faɗa rami take tsalle, kuma ba na jin ƙauri. Waya ce ta kwance. Wannan karon allurar ƙarya take yi."

Na taka mota, muka isa asibiti inji ko tari bai yi ba. Gaskiyarka ce, kamar kullum. Da na duba daga baya, na tarar da wayar tana lilo, na ɗaure ta da hannuna. Naka zafin kuwa ba ƙarya yake yi ba, kuma an ce mun zo a makare.

Yau allurar tana zaune daram a tsakiya. Nakan dube ta a hanya, in rasa wanda zan kai wa labari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Asama'u, da 'yarku Murja, da mahaifiyarka Iya, da duk mutanen tasha. Allah ya ba su haƙuri, ya ba ni. Tulun gidanka kuwa, muddin motar nan tana tafiya, ba zai kwana a bushe ba. Allah ya jiƙanka, Ilu, ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka. Yadda ka ba da ruwa ranar da kowa ke ɓoye nasa, Allah ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Amin.