Ganiyu Awa-Uku, Kai Ma Jirgi Ya Bar Ka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abdulganiyu ɗan Salifu, direban da duk Zango ke kira Awa-Uku, ya rasu ranar Alhamis da hantsi, sha ɗaya ga watan Mauludi, a ɗakinsa, akwatinsa na ɗaure a bayan ƙofa. Ni ce Fatsuma, wadda ta ba shi nono lokacin da uwarsa ta rasu ta bar shi cikin tsumma. Ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban iya riƙe alƙalami ba. Ɗiyata Bara'atu, wadda suka sha nono tare, ita ke rubutawa. Ta ce mini, "Inna, ta'aziyya fa ake yi, ba faɗa ba." Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, in ba ta iyawa ta aje in nemi wani.

Ganiyu, ina fushi. Ina fushi da waɗanda suka riƙe ka, ina kuma fushi da kai da ka bari aka riƙe ka. Kada wani ya shigo mini da zancen ajali. Na rasa miji, na rasa 'ya'ya biyu, na san ajali tun ba a haifi masu yi mini wa'azin ba. Ai su malaman nan ne suka koya mana a ɗaure raƙumi kafin a ce an dogara ga Allah. To naka raƙumin a ɗaure yake, da hannu aka kwance shi.

Wanda bai san ka ba bari in gaya masa inda sunan ya fito. Tun da ka fara taksi, aikinka kai mutane aropor, filin jirgin sama. Duk wanda ya ce maka jirginsa ƙarfe kaza ne, sai ka ce to awa uku kafin nan kana cikin filin, ba a ƙofar gidanka ba, cikin filin. Ana yi maka dariya a shagunan kasuwar Rud Woko. Ana cewa, "Ganiyu, aropor ɗin da ke bayan gidanmu? Wanda in jirgi ya tashi kwanoninmu ke kaɗawa?" Kai kuma ka ce, "Kusa da gida ne, amma ba na ubanku ba ne."

Ban manta shekarar da Bara'atu ta haihu a Abijan ba, aka aiko mini da biye, takardar shiga jirgi. Karona na farko ke nan. Ina cikin daka yajin jego sai ga ka, ka ɗauke taɓarya daga hannuna. Na zage ka tas, na ce yanzu fa aka yi azahar, jirgin nan sai bayan magariba. Ka ce, "Inna, gara ki yi gyangyaɗi a kan kujerarsu da ki yi kuka a bakin ƙofarsu." Ka zazzage jakar hannuna a tsakar gida, ka fitar da wuƙar yanka gorona, ka fitar da kwalbar man shanu, ka ce waɗannan ba su shiga da ni, cikin babban akwati za su. Ka aro ma'aunin masu goro ka rataya akwatin, ka rage mini daddawa. Na yi kwana biyu ina jin haushinka. Amma a filin na ga wata mata, 'yar gayu da ita, zaune a ƙasa tana kuka an rufe mata ƙofa, ni kuwa takardata na hannuna, har na samu wurin salla.

Haka kake da kowa. Tsofaffin da ba su iya karatu kai kake riƙe musu faspo har bakin inda ake tsayar da 'yan rakiya. Wanda ka san mai nauyin jiki ne, sai ka rage masa awa guda a lokacin jirginsa, ƙarya ɗaya ke nan da na san kana yi, Allah ya yafe maka ita. Shi kansa Alhaji Abduljalil, wan mahaifinka, da zai tafi umra, yana tsakiyar gaisawa da mutane ka tura shi cikin mota ka ja. Ya dawo yana ba da labari cewa ba don ɗan ƙanensa ba da bai ga Ka'aba ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Bana ciwon zuciya ya kama ka. Ƙafafunka suka kumbura, kana hawa dakalin masallaci kana haki. Likita ya ce aiki za a yi, kuma ba a nan ba, sai Tunusiya. Matarka Nazifa ta yi ta yawon takardu har takalminta ya tsinke. Asibitin can suka ba da rana, aka samu kujera biyu a jirgin Talata da yamma, kai da ita.

To ga inda aka kashe mu. Mu mutanen Zango muna da al'adar sallama. Daga kakanninmu fataken goro muka gaje ta. Mai doguwar tafiya, ranar da zai tashi, sai ya bi gidajen manya ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya nemi gafara, a ba shi zom-kom, ruwan garin gero, ya kurɓa, a yi masa addu'a. Gidan babban dangi shi ne na ƙarshe, daga can ake kama hanya, ba a komawa gida. Ni ban ce al'adar banza ce ba. Amma da can madugu na jiran mutum, jakuna na cin ciyawa. Da mota ta zo, direba ma ɗan unguwa ne, yana jira. Kuma da can gidajen nan bango da bango suke, kafin tuwo ya huce ka gama zagaye su, ka ɗora kaya a ka ka taka zuwa aropor da ƙafa. Tun da aikin gwamnati na ZACA ya rushe mana rabin unguwa aka watsa mu kamar gero a gaban kaji. Wannan na Niyoko, wancan na can wajen Waga Dubu Biyu, Alhaji Abduljalil ya haye baraji, babbar madatsar ruwan nan, ya gina a Tangin. Gidajen sun tashi, amma cikin kan tsofaffin nan har yau Zango na nan inda take, aropor na bayan ɗaki.

Kai ka san haka. Ranar Litinin ka sa ƙanenka Suhaibu ya kira Alhaji, ka ce za ka zo sallama tun jajibiri. Ya ce, "Wa ya taɓa yin sallama ya koma ya kwana kan gadonsa? Ko don ubansa ba ya raye ne zai sauya mana abin da muka tarar?" Da ka ji an ambaci ubanka sai ka ce to, a bar shi ranar Talatar.

Ranar Talata na shiga motar da kaina, ba wanda ya gayyace ni. Suhaibu ke tuƙi. Muna fita daga lungu ga katangar aropor can muna gani. Na ce, "Ganiyu, ga wurin nan, mu shiga mu zauna. Mai addu'a ya yi ta daga inda yake, Allah na ji." Ka ce, "Inna, akwai lokaci, na lissafa. In ban dawo ba, kada a ce na tafi ba albarkar Baffa." Na ce, "Tofar da yawu, mugun baki." Ka yi dariya, dariyar ta koma tari.

Sauran gidajen ba su riƙe mu ba, ban ɗora musu laifi ba. Kafin azahar muna Tangin. Muka tarar Alhaji ya kwanta hutawa, kuma duk gidan ba mai ƙarfin halin tashinsa. Da ya tashi aka yi salla. Ka durƙusa ka ce, "Baffa, a yi mini addu'a, lokaci ya yi." Ya ce ya sa an yanka zabi, ba ka fita gidansa da yunwa. Zabin kuwa ko figa ba a gama ba. Mutumin da likita ya hana gishiri! Nazifa na cikin gida wurin mata, tana duba waya tana hawaye, ba ta iya buɗe baki gaban surukai. Ni ba surukar kowa ba ce. Na fito har zaure na ce, "Alhaji, ka sallami yaron nan. Awa uku kafin jirgi ake so yana cikin fili, ga shi lokacin ya kusa." Ya ce, "Hajiya Fatsuma, koma ciki, maganar maza ce. Aropor ɗin me? Nan da nan ne. Mu da muka tashi muna kallon jirage daga kan katanga?" Na ce, "Daga katangar Zango ka kalle su, yau kana Tangin!" Mazan da ke wurin suka yi dariya, wai tsohuwa ta faye zafi.

Aka ci zabi. Sai aka ce a jira limamin unguwa, an aika a kira shi. Da liman ya zo aka ce ai la'asar ta kawo jiki, matafiyi ba ya barin jam'i. Na leƙo na gan ka, Ganiyu. Ka ɗaga hannu kana amin, idonka na kan agogon hannunka. Addu'a aka faro tun daga kakan kakanmu da ya fara sauke goro a garin nan, ana kiran matattu da sunayensu ɗaya ɗaya, mai rai na zaune yana haki. Kai da ka tura mutumin nan cikin mota yana tsakiyar magana, me ya hana ka miƙe? Me ya hana ka yi wa kanka abin da ka yi wa duk Zango? Wannan ita ce tambayar da ke hana ni cin abinci.

Da muka fito, gadar baraji ta cushe. Lokacin tashi daga aiki ne, ga masu moto, babura ke nan, ga matan lambu da kwandunan salati, ga wata babbar mota ta mutu a tsakiya. Suhaibu na ta oda yana kuka. Kai kuwa ka cire agogon ka sa a aljihu.

Mun isa. Ku biyu kuka shiga, mu aka tsayar da mu a waje. Ba a jima ba sai ga Nazifa ta fito tana jan akwati, kana bayanta kana dafa bango. An rufe karɓar kaya. Ban zagi yarinyar da ta hana ku ba, aikinta ta yi, kai ma da bakinka ka ce ta yi daidai. Alhaji, da ya biyo mu a motar ɗansa, ya ce wai ai jirgin bai tashi ba, ga ƙararsa ana ji, a shiga a gaya wa direban cewa marar lafiya ne, jikan madugu ne. Sai ka dube shi ka ce, "Baffa, ba a yin haka a nan." Iyakar abin da ka faɗa masa ke nan. Muna tsaye ya tashi ta kanmu. Muka koma gida, tafiyar da ko numfashi ba mu sauya ba muka iso, ka kwana kan gadon da aka ce ba a komawa.

Ba a sake samun kujera da ranar asibiti ba sai Juma'ar mako na gaba. Ka hana a kwance akwatin. Kullum in na kawo maka kunu sai ka ce, "Inna, wannan karon tun safe za mu tafi, ki zo da tabarmarki." Ranar Alhamis da hantsi Nazifa ta ƙwala kira, "Inna, Baban Shahida!" Kafin in sa takalmi ka tafi.

Bara'atu, rubuta wannan da kyau. Ba a yi awa guda ba sai ga Alhaji Abduljalil a ƙofar gida. Daga Tangin! Ashe gadar na wucewa in an so. Yana tsaye yana ba da umarni: "Ku yi sauri, a kawo likkafani, a yi wanka, ba a jinkirta mamaci, kada azahar ta same mu." Ɗiyarka Shahida na hanya daga Bobo, aka ce ba za a jira ta ba. Na fito tsakar gida gaban maza na ce, "Alhaji, yau ka san sauri? Yau ka san akwai tafiyar da ba ta jira?" Ba wanda ya yi dariya. Bai ce mini in koma ciki ba. Ya zauna kan dakali ya rufe fuska da babbar riga. An ce tun ranar ba ya cin abinci sosai. Ban ji daɗi ba, ban kuma janye maganata ba.

Ga abin da na yanke, a karanta shi ranar addu'ar bakwai kowa ya ji. Daga yau duk wanda zai hau jirgi daga gidan nan, ba ya zuwa gidan kowa ranar tafiya. Mai son yin addu'a, komai farin gemunsa, shi zai taso ya zo tun jajibiri, ni zan dama zom-kom in ba shi. Ranar tafiya kuwa ina bakin ƙofa da sandata, awa uku kafin lokaci matafiyi na cikin fili. Wanda ya ce na ɓata al'ada ya zo ya ɗaga akwatin nan da ke bayan ƙofa, har yanzu ba mu iya kwance shi ba.

Nazifa, ɗiyata, kin yi iyakar yinki, Allah ya ba ki haƙuri da ladan jinya. Shahida da ƙannenki, Allah ya zama gatanku. Suhaibu, ka daina cewa da ka bi wata hanya, ba tuƙinka ba ne. Direbobin tasha, abokan aikinsa, ina yi muku gaisuwa. Alhaji Abduljalil, kai ma ɗa ka rasa, na sani. Ina yi maka ta'aziyya, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sauran abin da ke raina, ka ba ni lokaci.

Ganiyu, ɗana, nonon da ka sha na yafe maka shi duniya da lahira. Allah ya jiƙan ka, ya yalwata kabarinka, ya sanya shi dausayin Aljanna, ya sada ka da uwarka da ba ka san fuskarta ba. Duk tsohon da ka riƙe wa hannu har bakin ƙofa, Allah ya sa ladan a ma'auninka. Ka riga mu isa, kamar yadda ka saba. Ya Allah, wannan karon ya tarar da ƙofa a buɗe. Amin.