Kwalaben Kan Katanga

Har yau in na ji ƙarar fashewar kwalba sai gabana ya faɗi. Bari ka ji dalili.

A baskwata, ɗakunan ma'aikata na bayan wani gida a Nassarawa, muka tashi, ni da Yayana, a hannun kawunmu mai kula da lambun gidan. Mutumin ƙasar duwatsu ne, tun yana yaro yake bin awaki a kan fa, shi ya sa bai ɗauki katanga a bakin komai ba. Katangun lokacin kuwa iyakarsu ƙirjin babba. Shi ya koya mana tsallake su: ka dafa da tafin hannu, ka wurga ƙafafu gefe, ka dira kan yatsu, gwiwa a lanƙwashe. In abin ya fi ƙarfinka, ka mirgina ta kafaɗa.

"Hawa ba gwaninta ba ce, ko akuya ta iya," in ji shi. "Sauka ce aiki."

Kai, mun more! Jiki ya yi ƙwari, tsoro ya fita. Innarmu tana aikatau gida uku gaba da namu, maigadinsu kuma ba ya barin yara ta ƙofa, ga kare. Ta katanga muke zuwa mu ci ƙanzo, ta shafa mana kai, mu dawo.

Da kuɗin mai suka shigo, wani Alhaji ɗan kwangila ya sayi gidanmu. Kafin damina birkiloli sun ɗaga katanga ta fi tsayin mutum. Aka ce Kawu ya farfasa kwalabe a dasa a sama. Ina tsaye ina kallo yana fasawa, bai ɗago ya dube mu ba. Nan ne cinmu, nan ne kwananmu.

Yaya ya daure har mangwaro ya ƙare, kewar Inna ta ci ƙarfinsa. Ya hau bishiya, ya yi tsalle, ya dafa saman katangar da tafin hannu yadda aka koya masa. Ina ƙasa, ihu kawai na iya. A asibiti suka ce jijiya ta yanke. Kawu bai ƙara yi mana zancen tsalle ba har ya bar duniya, Allah ya ji ƙansa.

Yanzu wayar lantarki ce a kan katangun unguwar. Kwanan baya jikana ya nuna mana samari a wayar hannu suna tsallake gine-gine, wai wasa ne har da masu koyarwa. Yaya ya ƙura ido, ya ce, "Wannan bai iya sauka ba." Ya kai hannun dama zai karɓi wayar, yatsun suka ƙi rufewa. Ni na riƙe masa har ya gama kallo.