Kabewar da Ta Haura Katanga

Duk layin sun san Inna Tela da abu biyu, hannunta da bakinta. Hannun ba ya kuskure, kallo ɗaya za ta yi wa mace ta san inda za a rage da inda za a ƙara. Bakin ma ba ya kuskure, matsalarsa ke nan.

Tun tana budurwa take kan keken ɗinki. A kansa ta yi goyo, a kansa ta aurar da 'ya'ya, har idanu suka fara yi mata gardama da kafar allura. Ranar da ta lulluɓe keken da tsohon zane, sai ta juya kan tsakar gidanta, ta mai da shi lambu, tana bi da shi kamar yadin ɗinki. Da tef ɗin awo take ja wa alayyafo layi, da almakashin ɗinki take yi wa lemun tsami aski. Tumatir na cikin tsofaffin bokitai, na'a-na'a na cikin fasasshen baho, duk reshen da ya karkace kuma sai ta ɗaure shi da ƙyalle daga buhun ragowar yadin da ta tara. Mijinta, wanda kowa ke kira Direba ko da yake ya daɗe da ajiye sitiyari, aikinsa biyu ne: ɗauko ruwa, da faɗin abin da ba a tambaye shi ba.

A gindin katanga akwai wani bokitin ƙarfe a kife, ba a shuka komai a ciki ba. A da, a kansa Tela ke tsayawa ta leƙa gidan Uwar Biyu, aminiyarta, wadda ita ma ke da nata bokitin a wancan gefen. Ta saman katangar nan gishiri ya wuce, ashana ta wuce, sirrin rabin unguwa ya wuce. Sai aka zo kan wata riga mai ruwan ganye. Tela ce ta ɗinka, Uwar Biyu ta zo gwadawa a gaban mata cike da ɗaki, riga ta tsaya a kafaɗa ta ƙi sauka.

"Tela, kin matse ni," in ji Uwar Biyu tana nishi.

"Rigar tana nan yadda na auna ta. Ke ce kika buɗe."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Uwar Biyu ta naɗe rigarta ta fita, daga ranar kuwa ko tari ba ta sake yi a gefen katangar ba. Shekara ta zagayo ana gaba. Tela na cewa ita gaskiya ta faɗa, gaskiya kuwa ba a ba ta haƙuri. Bokitin dai bai bar wurinsa ba. In Direba ya tambaya sai ta ce na tsinkar lemo ne, alhali lemon yana can ɗaya kusurwar.

Bazarar bana ta shigo da ƙarfinta. Kafin hantsi siminti ya fara cin tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su kwanta a ƙarƙashin tankin ruwa, ganye ya yi laushi kamar wanda aka yi wa faɗa. A irin wannan rana Direba ya dawo daga waje yana fifita da hularsa.

"Kin ji tagwayen Uwar Biyu za su zo su ɗauke ta? Da ruwan farko, wai. Sun ce ta daina zama ita kaɗai."

"Allah ya raka taki gona," in ji Tela, ba ta ko ɗago daga kan tumatir ba.

Washegari da sassafe ya tarar da ita a gindin katanga da fartanya, gumi na ɗiga daga haɓarta, tana tura 'ya'yan kabewa cikin ƙasa.

"Kabewa a wannan ƙunar? Ki bari ruwa ya sauka mana."

"Malam, na taɓa koya maka shan kwana da mota?"

Ya je ya ɗauko ruwa.

Ita kanta Tela ta gaya wa zuciyarta cewa wurin ne ya zauna fili, fili kuwa ɓarna ne. Ba ta tambayi kanta dalilin da ya hana ta jiran ruwan sama ba. Ta zuba taki, ta lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa, ta yi wa tsiron rumfa da tsohon labule. Kabewa ta ji daɗi ta fara yaɗo. Hanyarta a buɗe take zuwa tsakar gida, inda ƙasa ke shimfiɗe, amma kullum da safe sai a ga kanta ya juya ya kama katanga.

"Dubi taurin kan shukar nan," in ji Tela da ƙarfi. "Ina janyo ta, tana hawa gidan mutane."

Direba ya dubi ƙusoshin da aka kafa a jikin bango, kowace da ɗaurin ƙyalle, a jere kamar matakala.

"Ikon Allah. Har ɗaure kanta take yi."

Ranar da kan yaɗon ya kai saman katanga, Tela ta daɗe da hannu a cikin buhun ƙyalle. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai fari. Wanda ya biyo hannunta mai ruwan ganye ne, ragowar waccan rigar. Ta ce ai shi ya fi laushi. Ta ɗaure, ta tura kan ya leƙa wancan gefen.

Da yamma aka turo shi ya dawo. Da safe ta mayar. Aka sake turowa, ta sake mayarwa. Rabon Tela da ta tashi da irin wannan kuzarin tun tana ɗinkin amare.

Sai zafin ya ƙara tsananta, famfo ya koma tari ba ruwa. Abin da Direba ke samowa bai isa kowa ba, Tela ta shiga rabon ruwa kamar mai rabon magani, ganyen kabewa suka fara sunkuyawa. A nan ne wata safiya aka ji ɓal! Ruwa ya tsallako katanga ya zube a gefensu.

Tela ta dafe ƙirji. "Malam, ka gani? Ruwan wanke-wanke ake watsa mini! A gidana!"

Washegari ma haka, jibi ma haka. Kullum sai ta tsaya ta yi wa katanga wa'azi a kan haƙƙin maƙwabtaka, da muryar da za ta isa inda ake so ta isa. Direba ya tsuguna ya shafa ƙasar, ya sansana yatsunsa.

"Tela, wannan wane irin wanke-wanke ne, ba kumfa, ba maiƙo? Kuma mai watsawar gwana ce, kullum a gindin kabewa yake sauka."

"Tsautsayi ne."

"Na yi shekaru a hanya, ban taɓa ganin tsautsayi mai saiti ba."

Ta watsa masa harara. Amma daga ranar ba a sake turo yaɗon ba. Ya haura ya ɓace, ya bar ta da gindi da zulumi. Furannin da ke gefenta duk zafi ya kakkaɓe su. Can kuwa ba ta san me ake ciki ba. Hadari ya fara leƙowa daga gabas da la'asar yana komawa, iska na kawo ƙamshin ƙasar wani wuri. Duk sanda gajimare ya haɗu sai ta tsaya tana kallon katanga, ta ce shanyarta take tunani.

Wata safiya ta ji murya a bayan katanga, muryar da ta yi shekara ba ta ji kusa haka ba. Ba da ita ake ba.

"Ke ma kin fara buɗewa ko? To ki yi a hankali, 'yar nan. Uwarki ba ta raga wa masu jiki."

Kafin Tela ta yi shawara da girmanta, ƙafafunta sun hau bokiti. Ta leƙa. Ga kabewa ɗaya tilo, ta kai kan jariri, tana lilo a jikin bango. Don kada nauyi ya tsinke ta, an yi mata majanyi an rataye a ƙusa. Majanyin riga ce mai ruwan ganye, an ɗaure hannuwanta biyu sama. Uwar Biyu na tsaye da kofi a hannu, ko sama ba ta kalla ba.

Tela ta buɗe baki. Maganganu uku suka taso mata, duk masu kaifi, ta haɗiye su da ƙyar kamar ƙwayar magani. Sai ta dubi kabewar.

"Ki gaya wa mai renonki, akwai sauran yadi a cikin ɗinkin. Ban taɓa yanka mata riga ban bar mata wuri ba. Da ta dawo da ita, da na buɗe."

"Ki gaya wa uwarki," in ji Uwar Biyu, "da ta faɗi haka a ranar, maimakon ta tara mini jama'a."

"Ki ce mata bakin ne ya riga ni."

"Ki ce mata mun san shi. Tun muna da haƙora yake riga ta."

Direba ya ƙara wa rediyonsa murya don kada a ji dariyarsa.

Tela ta gyara tsayuwa a kan bokiti. "Na ji an ce da ruwan farko za a tafi."

Sai yanzu Uwar Biyu ta ɗago. "Na ce wa yaran su dakata. Ina zan tafi in bar kabewata ba ta ƙosa ba?"

"Kabewar wa?"

"A gidan wa take kwana?"

"Gindin fa, a gidan wa yake?"

"Ruwan wa ya sha?"

"Au, ashe ba na wanke-wanke ba ne!"

Uwar Biyu ta jawo nata bokitin da ƙafa, ta kife shi, ta hau tana nishi, don a yi maganar ido da ido. Rana ta take, gumi na zuba, babu wadda ta nemi inuwa. Da Direba ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya shiga ɗaki ya ɗauko sauran 'ya'yan kabewar, ya tsuguna a gindin katanga ya fara tona sabon rami. In wannan ta ƙosa, gara a sami wata tana tafe.