A Takarda Direba Ne

Ranar Talata ce bayan la'asar, saura mako biyu a fara azumin da ya wuce, ina saman gidanmu na Ka'akiyya ina kwashe shanya, na leƙa ƙasa na ga Baba yana fitowa daga tasi. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya dawo gida ba sai a farar bas ɗin kulliya, wadda yake ajiyewa a gefen katangar masallaci. Ranar babu bas. Ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben mariƙinta kamar baƙo, da wata takarda naɗe a hannunsa. Ban san abin da ke cikinta ba, amma na san zamanmu a Makka ya fara girgiɗi.

Baba mutumin Kano ne, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ɗakinmu, kuma ya buga ƙwallon kwando a samartakarsa. Tun kafin a haife ni wata kulliya ta ɗauke shi direba, yana kai ɗalibai wasa Jidda da Ɗa'if. Wata shekara kocinsu ya ajiye aiki ana tsakiyar gasa. Baba yana tsaye a gefe yana kallon ana cin yaran kamar ba su da kowa, zuciyarsa ta kasa ɗauka, da aka tafi hutu ya tara su ya faɗa musu inda kowa zai tsaya. Suka ci wasan. Daga ranar ya zama shi ne mai horar da su, fiye da shekara ashirin, kowa yana kiransa Kaftin Habu. Sai dai ba shi da shaidar karatun horarwa, don haka a iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasa, direba aka rubuta, kuma direba aka bari. Ranar gasa wani malamin motsa jiki ne yake zama a benci, sunansa ne a rubuce. Baba kuwa yana baya, kusa da tulun ruwa, da makullan bas a hannu. In ya kaɗa su sau ɗaya, kowa ya riƙe mutuminsa. In sau biyu, a koma baya a tare zoben da ake jefa ƙwallo. Idan aka ci kofi malamin ne yake ɗagawa a ɗauki hoto, Baba ya fita ya tayar da mota.

Ni a cikin warin rigunan wasa na tashi. Duk ƙarshen mako yakan kawo su a buhu, ni da Umma mu zube su a baho, ina dirje wuyan riga tana matsewa, mu shanya su a sama bisa jerin lambobinsu, domin in aka saɓa sai ya sake jerawa da kansa. Aikina ne ba wa ƙwallaye iska da famfon keke, da goge su da tsumma. A jikin bangon tankin ruwa ya kafa mini wani tsohon zobe da kulliya ta yar. A makarantarmu ta mata lokacin ba a yin wasa, to shi ne bayan la'asar, idan zafi ya sassauta, yakan hau da ni sama ya ce in jefa. Nakan jefa har kafaɗata ta mutu. "Ki kalli zobe, ki manta da mai kallonki," haka yake cewa. Idan ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗa layi, Umma takan ɗago murya daga madafa ta ce, "To Kaftin, 'yar tawa ma mayar da ita za ka yi ɗan wasa? Wa zai auri mai wannan damtse?" Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce wanda ba ya tsoro.

Ranar Juma'a gidanmu ba ya rasa manyan takalma a bakin ƙofa. 'Yan wasansa sukan zo cin tuwo da miyar kuka, su cika falo da dogayen ƙafafu, ina miƙo kwanuka ta bayan labule. A cikinsu akwai Yaya Faisal, wanda kakansa ya zo hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa ya zauna, shi kuma ya tashi ɗan ƙasa, Hausarsa duk a karye. Baba ya taɓa hana shi wasa wata guda saboda ya zagi abokin wasansa, amma shi ya fi kowa zuwa. Sau da yawa na ji suna cewa, "Ya Kaftin, a gyara takardar nan mana." Umma ma ta faɗa har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Wanda ya ga aikinka ya fi takarda." Yana tsoron in ya tayar da maganar a ce ai doka ba ta ba shi damar horarwa ba, a raba shi da yaran. Ya zaɓi ya yi shiru ya ci gaba da tuƙi.

Takardar da ya shigo da ita ranar Talatar nan sakamakon gwajin ido ce. Ya je sabunta lasisi aka ce idonsa ba zai ƙara tuƙi ba. Koci yana iya horarwa da raunin ido, ai ta ƙarar takalmi kawai Baba yake gane wanda ya makara. Amma direba ba ya iyawa, takarda kuwa direba ta sani. Kulliya ta ba shi haƙuri ta sallame shi, ta kawo wani koci mai shaida. Iƙamata da ta Umma a tasa suke rataye, in ta faɗi mun faɗi. Baba ya riƙa bin tsofaffin ɗalibansa ofis-ofis, ni ce nake riƙe masa hannu a matakala. Su rungume shi, su sumbaci goshinsa, su ba shi turare da zuma, su ce "Abshir, ya Kaftin," wato ka ɗauka an yi. Muka dawo da kwalaben zuma har babu wurin ajiyewa. Bayan babbar sallah takardunmu suka mutu.

Muka daina fita. Ko buga ƙofa aka yi sai in ji fitsari ya matse ni. Ranar Litinin ta makon jiya da hantsi maganin ɗigawa a idon Baba ya ƙare, na ce kantin magani ai nan ne bakin titi, na fita. A nan na tarar ana binciken takardu, aka kama ni. Kwana uku na yi a inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Ba wanda ya dake ni, ba wanda ya zage ni, amma ban iya haɗiye ko loma ba. Wata dattijuwa 'yar Maraɗi ta tambaye ni wa nake da shi a Kano. Ko mutum ɗaya ban sani ba a can. A Makka aka yanke mini cibi, ban taɓa kwana a wani gari ba, Hausar tawa ma dariya take ba matan da ke wurin. Na zauna ina tunanin wa zai riƙe hannun Baba a matakala.

Ranar Alhamis, ana dab da kiran azahar, aka kira sunana. Yaya Faisal na gani tsaye, furfura ta fara fito masa a gemu. Ashe shi kaɗai ne bai ce abshir ba, ya yi shiru yana bin takarduna tun watan jiya. Matarsa tana da wurin motsa jiki na mata a unguwar Shisha, ta ɗauke ni aiki iƙamata ta koma ƙarƙashinta, zan koya wa 'yan mata ƙwallo.

"Khalas, shi ke nan, ƙanwata, ba mai taɓa ki," in ji shi. "Kin tsira."

"Baba fa, Yaya?"

Ya sunkuyar da kai. "Shekarunsa sun wuce. Shi da Umma watan gobe za su tafi."

A mota ya miƙo mini takardar. Inda ake rubuta sana'a na ga an sa mai shara. Ya lura ina kallo, ya ce, "Ba ki da shaida ne, shi ya sa. Za a gyara daga baya, in sha Allahu." Na ce to.

Muka bi ta gaban kulliyar, ban juya ba. A da, in muka zo wucewa nan, miƙewa nake yi a kujera in nuna wa kowa inda babana yake aiki, ina jin garin duka namu ne, har da duwatsunsa. Yanzu kofunan suna ciki a bayan gilashi da sunan wani, mutumin da ya ciwo su yana gida yana ɗaure kaya da lalube, ni kuma an ce na tsira. Ban taɓa sanin tsira tana iya yin nauyi haka ba.